Kundin aikin gyaran bawul da mazauninsu a tof silindar injin 22R

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau da hantsi direban Kawu ya shigo da motar gareji, wato tsohuwar Hilux ɗin nan da ke ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar 'Yankaba, yana kukan cewa ba ta da ƙarfi a hawa, tana shan fetur fiye da dā, kuma idan aka bar ta a silo sai jikinta duka ya riƙa karkarwa. Injin da ke cikinta shi ne 22R na Toyota, wanda aka fara ƙerawa a 1981, mai silinda huɗu da bawul takwas, girmansa cc 2,366, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, tof silindarsa kuwa, wato murfin saman injin inda bawul suke, alminiyam ne.

Na cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya injin yana aiki, ko wanne na cire sai muryarsa ta faɗi, ban da na silinda ta uku, wanda cire shi da barinsa duk ɗaya ne. Na kara takarda a bakin salansa, sai na ga tana kaɗawa waje, can kuma lokaci-lokaci a zuƙe ta ciki. Da na auna matsin iska, silinda ta ɗaya ta ba da 160 a ma'aunin psi, ta biyu 155, ta huɗu 158, ta uku kuwa 65 kacal, alhali littafin gyaran injin ya ce lafiyayyar silinda tana ba da 171, kuma bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 14 ba. Na zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi na sake aunawa, ta tsaya a 70. Da zoben fistan ne ya ci, da man ya toshe kafar na ɗan lokaci matsin ya hau sosai, tunda bai hau ba, iskar ta sama take gudu.

Da yamma Kawu ya kira ni, yana ganin aikin bai wuce girandin ba, wato goga bawul a mazauninsa da man yashi don ya zauna daidai, ya ce, "Ɗan nan, ai girandin ne kawai, ko? Gobe da la'asar a ba shi motar, kakar tumatir ba ta jiran kowa." Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri in buɗe tukuna, abin da na gani shi zan faɗa muku."

Talata, 9 ga Janairu

Kafin in kwance komai na auna tazarar tafet, wato 'yar kafar da ake bari tsakanin ƙafar bawul da rokar da ke danna ta, domin da zarar an ɗaga tof wannan shaida ta ɓace ke nan. Ƙa'idar wannan injin ita ce milimita 0.20 a bawul ɗin shigar mai, da 0.30 a na fitar hayaƙi, injin yana da zafi. Abin da na tarar shi ne na hayaƙi uku suna wajen 0.15, na silinda ta uku kuwa ko mafi sirantar ganyen fila gej, abin auna tazarar, bai shiga ba. Da na tambayi direba, sai ya ce watanni baya ƙarar tafet ta dame shi, ya tsaya wurin wani bakanike a hanya, aka ɗaure masa su har ƙarar ta mutu, ya biya yana ta godiya.

A nan ciwon ya samo asali. Kan bawul ɗin hayaƙi yana aiki ne cikin zafin da kan haura digiri 700, ba ruwa a jikinsa, ba mai a fuskarsa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan zafi yana sauke shi ne ta mazauninsa a ɗan lokacin da ya rufe ya zauna, sauran kuma ya bi ta ƙafarsa zuwa gayid, wato bututun da ƙafar ke hawa da sauka a cikinsa. Idan ƙarfe ya yi zafi yakan ƙara tsawo, saboda haka bawul ɗin da ba a bar masa tazara ba, ba zai zauna daram ba. Wuta za ta riƙa bi ta 'yar kafar da ta rage, shi kuma ba shi da inda zai sauke zafinsa, har gefensa ya ƙone.

Na bar injin ya huce sarai, na juya shi fistan na ɗaya ya zo ƙololuwa, na yi wa sarƙar taimin, wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf, da giyarta alama da fenti, na ɗaure su da waya don kada sarƙar ta zame ƙasa. Kusoshin tof guda goma ne, su ne kuma ke riƙe da sandunan roka, na sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Akwai wani ƙaramin kusa na goma sha ɗaya a gaba, ƙarƙashin giyar kamshaf, wanda kullum yana nutse cikin baƙin mai. Wanda bai san da shi ba zai yi ta ɓanɓarar tof da ƙarfe har ya fasa murfin taimin, shi ya sa na sa yaron da ke koyo a wurina ya tsoma yatsa ya taɓa shi da kansa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na huda kwali rami takwas, na rubuta lambar silinda da nau'in bawul a gefen kowane rami, domin duk wanda za a mayar dole ya koma gidansa na asali. Na danne sifirin da abin matsa shi na zare kota, wato 'yan ƙarafan da ke kulle sifirin a ƙafar bawul, ban yarda da dabarar ɗora soket a buga da guduma ba, wadda ke sa kota ta yi tsalle ta ɓace cikin ƙasa, wani lokacin ma ƙafar bawul ta tanƙware.

Bawul ɗin hayaƙi na uku ya fito da launin toka fari-fari, gefensa ɗaya da giɓi kamar ɓera ya gatsa, faɗinsa ya kai ƙwayar gero biyu, kuma daga giɓin wani siririn tsagi ya nufi tsakiya. A mazauninsa, daidai inda giɓin yake, wuta ta zana hanya baƙa wadda farce yake maƙalewa a cikinta. Sauran na hayaƙi ba su ƙone ba, amma fuskokinsu duk ƙananan ramuka ne kamar zanzana. Na shigar mai kuwa wata cuta ce dabam ta same su: fuskarsu ta yi kwari ta zagaye, alamar ƙura ce ta daɗe tana shiga, kuma da na duba matatar iska na tarar robar bakinta ta yage.

Bayan wanki da kalanzir da kankare gawayin da ya daskare, na duba tsakanin mazaunan bawul da kewayen ramin fulogi da tabarau mai ƙara girma, ban ga tsagewa ba. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof ta tsaye, ta kwance da ta kusurwa, mafi girman kafar da na samu milimita 0.08 ce, iyakar da aka yarda da ita kuwa 0.15. Saboda haka ba zan kai shi sikimin ba, wato aske fuskarsa a inji. Mutane da yawa sun ɗauki sikimin kamar farilla duk lokacin da aka buɗe tof, amma a injin da kamshaf yake sama, duk abin da aka aske yana kusanto da kamshaf zuwa karanshaf, sarƙa ta yi sako-sako, taimin ya ja baya kaɗan, kuma alminiyam ɗin da aka aske ba ya dawowa.

Asabar, 13 ga Janairu

Yau ranar awo ce, kuma ita ce ta yanke hukuncin yadda aikin zai kasance. Kaurin ƙafar bawul ɗin shigar mai a sabonsa milimita 7.970 zuwa 7.985 ne, na hayaƙi 7.965 zuwa 7.980, ramin gayid kuma 8.01 zuwa 8.03. Iyakar tazarar da aka yarda ta kasance tsakanin ƙafa da gayid ita ce 0.08 a na shigar mai, da 0.10 a na hayaƙi. Na auna kowace ƙafa da maikuromita, abin auna kauri, a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, domin ba ta cin daidai. Na shigar mai duka huɗu suna cikin ƙa'ida, kuma kaurin leɓensu ya fi 0.6 da aka sa a matsayin iyaka, saboda haka za a gyara fuskarsu a mayar. A ɓangaren hayaƙi, na uku ya ba da tazarar 0.14, na biyu 0.11, sauran biyun suna dab da iyaka. Na yanke shawarar sauya bawul huɗu na hayaƙi tare da gayid ɗinsu.

Maigidana wanda ya koya mini aiki ya leƙo da azahar, ya ɗauki bawul ɗin da ya ƙone ya jujjuya shi, ya ce, "Kai yaro, sa sabo ɗaya ka yi girandin mai kyau ka sallami kawunka, mu haka muka yi ta yi shekara da shekaru." Na ce, "Baba, ku sa hannu ku girgiza wannan ku ji." Ya zura bawul cikin gayid na uku ya kaɗa shi, ya ji yana ƙwas-ƙwas, ya yi shiru, sannan ya ce to ai ni na sani.

Ba na raina girandin, kuma motocin da Baba ya gyara sun yi tafiya. Abin da na tsaya a kai shi ne tsarin aikin: gayid shi ne ke nuna wa bawul hanya, kuma a cikin gayid ake kafa sandar da abin yanka mazauni ke juyawa a kanta. Idan gayid ya buɗe, bawul zai riƙa sauka yau a nan gobe a can, mazaunin da aka yanka a kansa ma ba zai zo tsakiya ba. Girandin da man kaushi yana iya sa fuskokin biyu su yi kyau a ido, har su riƙe kalanzir a kan tebur, amma ba ya mayar da mazauni tsakiya, sai dai ya ƙara masa faɗi ya kuma tona kwari a fuskar bawul. Saboda haka gayid ne farko, sai yanka mazauni, girandin kuwa shi ne na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta.

Laraba, 17 ga Janairu

Kwana uku sun tafi a neman kaya. Waɗanda direba ya fara kawowa daga wani wuri kwalinsu yana ta ƙyalli, amma da na auna ƙafar ɗaya na sami 7.94, wato tun bai shiga injin ba ya cinye mafi yawan tazarar da aka yarda, na ce ya mayar. Yau na shiga Ƙofar Ruwa da kaina da maikuromita a aljihu, na samo bawul huɗu masu tsawon 112.4 da kaurin da ya dace, da gayid huɗu, da sil takwas, wato robobin da ke hana baƙin mai bin ƙafar bawul, da gaskit, da sabuwar matatar iska. Kawu ya aiko a tambaye ni ko motar ta zama tawa ce.

Asabar, 20 ga Janairu

Ba a fitar da gayid daga tof na alminiyam da sanyi, domin zai kankare bangon raminsa, sabon kuma ya shiga sako-sako. Na tafasa ruwa a rabin duro, na tsoma tof ya kai wajen digiri 90, alminiyam ya buɗe fiye da ƙarfen gayid, sannan na fitar da su da ƙarfen bugu mai daidai bakinsu. Sababbin na buga su har zoben da ke jikinsu ya taɓa tof, na bar shi ya huce, na bi su da rima, abin daidaita faɗin rami, mai milimita 8, ina juyawa ta hannun dama kawai, da mai, ba tare da komawa baya ba. Yanzu bawul da aka shafa wa mai yana sauka cikin gayid a hankali da nauyin kansa, ba girgiza, ba maƙalewa.

Talata, 23 ga Janairu

Jiya na kai tof wurin masu injin yanka ƙarfe, rashin wuta ya hana aiki, sai yau aka yi, kuma na tsaya a kai har aka gama. An gyara fuskar bawul ɗin shigar mai a kan digiri 44.5, mazauni kuma ana yanka shi a kan 45. Wannan rabin digiri da gangan aka bar shi, domin bawul ya fara taɓa mazauni a siririn layi ta gefen waje ya rufe gam tun tashin farko, kafin fuskokin su saba da juna.

Mazauni mai kyau kusurwa uku gare shi. Ta tsakiya, mai digiri 45, ita ce bawul ke zama a kanta, kuma faɗinta dole ya tsaya tsakanin milimita 1.2 da 1.6. Ta sama mai digiri 30 tana rage faɗin daga ɓangaren ɗakin wuta, ta ƙasa mai digiri 60 tana rage shi daga ɓangaren maƙogwaro, wato hanyar mai ko hayaƙi, kuma da waɗannan biyun ake matsar da layin zama har ya zo tsakiyar fuskar bawul. Idan layin ya hau can bakin leɓe sai a taɓa da mai 30, idan ya sauka kusa da ƙafa sai a taɓa da mai 60. Faɗin nan ba ado ba ne. Idan ya yi siriri da yawa, hanyar sauke zafi ta ƙuntata, bawul ya ƙone. Idan ya yi faɗi da yawa, ƙarfin sifirin ya bazu a fili mai yawa, ba zai iya murƙushe gawayin da ya faɗo tsakani ba, gawayin ya tokare bawul, wuta ta sami hanya. Na roƙi mai injin ya bar na hayaƙi wajen 1.5, na shigar mai wajen 1.3.

Mazaunin na uku shi ya ba mu wahala, domin hanyar da wuta ta zana ta yi zurfi. Duk abin da aka yanka yana nutsar da bawul cikin tof, ƙafarsa ta ƙara fitowa sama, sifirin ya rage ƙarfi, don haka muka riƙa cirewa kaɗan muna dubawa, har baƙin layin ya ɓace a yanka na huɗu. Da ya wuce haka, sai dai a cire zoben mazaunin gaba ɗaya a dasa sabo.

Muna cikin aikin mai injin ya ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 yake ganin masu motoci suna tambayar mayar da injinsu na gas, kuma na san Kawu ma yana da wannan tunani. Abin lura shi ne gas busasshen makamashi ne, ba ya barin wani abu da zai zama matashi tsakanin bawul da mazauni, saboda haka mazauni yakan yi saurin lotsawa, tazarar tafet ta riƙa rufewa da kanta. Irin wannan damuwa aka yi lokacin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, sai dai ta fi shafar tsofaffin injuna da aka yanka mazauninsu kai tsaye a jikin baƙin ƙarfe. Tof na alminiyam kamar wannan zobba masu tauri aka dasa masa, amma duk da haka idan aka koma gas sai an riƙa auna tafet akai-akai fiye da dā.

Alhamis, 25 ga Janairu

Na yi girandin a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, saboda hazon da ya sauko tun jiya. Man mai laushi kawai na yi amfani da shi, ɗigo uku a fuskar bawul, na kiyaye kada ya taɓa ƙafa, domin idan ya shiga gayid zai cinye aikin ranar Asabar. Sandar mai roba a baki ana murza ta ne tsakanin tafin hannu kamar yadda ake burga miyar kuka da maburgi, a ɗaga, a juya kaɗan, a sake saukewa. Da farko ana jin ƙarar yashi, cikin 'yan daƙiƙu sai ta koma laushi, a nan ake tsayawa. Yaro ya so ya ɗaura bawul a injin huda don a yi sauri, na hana, domin juyawa ta gefe ɗaya tana zana layuka a kewaye.

Bayan gogewa, kowane bawul ya nuna zobe mai launin toka, ba yankewa, a tsakiyar fuskarsa. Na ja layuka da fensir a fuskar, na zaunar da shi na juya kwata, duk layukan suka yanke a wuri ɗaya. Sannan na mayar da sifirin, na kwantar da tof a gefensa, na cika hanyoyin mai da na hayaƙi da kalanzir na bar shi minti goma. Bakwai sun tsaya a bushe, na shigar mai na biyu ya yi gumi a gefe ɗaya. Da na cire shi na tarar da ɗan ɓurɓushin man girandin ne ya maƙale, na wanke na sake gwadawa, ya riƙe. Na wanke tof sau biyu da ruwan zafi da omo, na bi gayid da tsumma fari har ya fito fari, na busar, na shafa mai, na naɗe shi cikin leda.

Asabar, 27 ga Janairu

Na jera sifirin takwas a kan gilashi na kara musu sukwaya, ba wanda ya karkace har 1.6 da aka sa iyaka, tsawonsu kuma ɗaya. Sababbin sil na tura su da hannu da soket mai zurfi, ba da guduma ba, bayan na rufe tsagin kota da 'yar leda don kada ya yanki leɓen robar. Bayan an sa kota na ɗan doki kan kowace ƙafa da gudumar roba don su zauna.

Na share ramukan kusoshi a gangar injin, domin mai ko ruwa da ya taru a ciki yana ba da ƙaryar ɗauri. Na ɗora gaskit a bushe, da ɗan gam a wurare biyu da murfin taimin ya haɗu da gangar injin, na ɗaure kusoshi goma daga tsakiya zuwa gefe a zagaye uku har Nm 78 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sannan ƙaramin na gaba. Alamar fenti ta koma inda take.

Litinin, 29 ga Janairu

Na saita tafet da sanyi don a samu a tayar, injin ya kama a bugu na biyu. Da ya yi zafi na kashe, na buɗe murfi na sake saitawa: fistan na ɗaya yana ƙololuwar matsi, na yi na shigar mai na ɗaya da na biyu, da na hayaƙi na ɗaya da na uku, na juya karanshaf zagaye ɗaya cif na yi sauran huɗun. Matsin iska yanzu 165, 162, 164 da 163. Takarda a bakin salansa ba ta ƙara komawa ciki ba.

Direba ya kasa kunne ya ce yana jin 'yar ƙara caf-caf a sama. Na ce masa wannan ƙarar a bar ta, kuma duk wanda ya ce zai kashe masa ita a hanya, ya kira ni kafin a taɓa. Kawu ya zo da kansa bayan la'asar, ya zagaya motar, ya ce, "Mako uku, ɗan nan." Na miƙa masa tsohon bawul ɗin a cikin leda, ya daɗe yana kallon giɓin, ya sa a aljihu.

Talata, 6 ga Fabrairu

Motar ta yi sawu shida tsakanin Kadawa da 'Yankaba, direba ya kawo ta da safe kafin lodi. Ruwan lagireto bai ragu ba, baƙin mai bai canza launi ba, fulogi huɗu launinsu ɗaya. Na auna tafet da zafi, bakwai suna nan yadda na bar su, na hayaƙi na uku ya sauko zuwa 0.27, na mayar da shi 0.30 na rubuta. Sabon bawul yakan ɗan zauna a makonnin farko, amma tunda mazaunin nan shi aka fi yanka, shi zan fi sa wa ido. Za a dawo da ita idan ta cika kilomita 1,000 a sake aunawa, kuma a ranar zan buɗe murfin gaba in duba robobin da sarƙar taimin ke bi, domin na ga ɗaya ta fara cin gefe lokacin da tof yake ƙasa.